Jan Allura a Hanyar Fakku

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direba ne. Tun ina firamare nake ganinsa da mota guda, wagon fara ta Faransa, irin mai zaki a hanci, yana jigila tsakanin Tambuwal da Kebbe, ranar kasuwa kuma ya zarce Fakku. Farin ya daɗe da komawa ruwan ƙasa. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa ta ciki, sai ya zagayo ya buɗe wa fasinja. Amma ban taɓa jin an ce ta kwana a hanya ba. Za a loda mata mutum tara, a cusa buhunan gero a but har murfin ya ƙi rufuwa, a ɗaure da igiya, ta ɗaga hanci sama ta kama hanya. Da damina in taɓo ya tare hanya bayan Kebbe, sauran motoci su tsaya ana shawara, ita ta shiga da giya ta biyu ta fita.

Kawu ya san motocin kamfanin nan kamar yadda ake sanin dangi. Zai ba ka labarin a-kori-kurar da ya koyi tuƙi da ita, wadda a cewarsa ko da tsinken waya ana gyara ta. Sai tasa. Sai doguwar da manyan ma'aikata ke hawa lokacin muna yara. Sai kuma na zamani, masu ƙwaƙwalwa, waɗanda suke kwance kusa da ƙasa. Bai taɓa kushe ko ɗaya ba. Abin da yake cewa kawai shi ne kowace da halinta.

Mai duba masa motar wani dattijo ne a bayan tasha, ƙarƙashin wata darbejiya. Baba bakanike muke ce masa. Mutumin Sanyinna ne, gajere, ba ya yawan magana, kuma in zai saurari inji yakan rufe ido ɗaya. Abotarsu da Kawu ta girme ni.

Ni kuwa na yi makarantar koyon aikin lafiya, na samu aiki a ƙaramar hukuma, aka fara kirana Likita alhali ba likita ba ne ni. Na yi shekaru a kan babur. Da hali ya samu na je Sakkwato na sayo mota 'yar Beljiyam, ita ma ta Faransa, amma ta zamani: ruwan toka, da esi, da gilashin da ake danna maɓalli ya sauka. Ranar da na kawo ta na ajiye ta daf da ta Kawu da gangan, don a ga bambanci. Har na ce masa cikin wasa lokaci ya yi da za a kai tasa gidan tarihi. Ya yi dariya. Ya ce in buɗe masa murfin inji. Ya daɗe yana leƙe, hannunsa a baya.

"Motag ga ta ƙwarai ta," in ji shi. "Za ta kai ka duk inda kaka so. Amma ba ta da haƙurin tawa wajen zafi. Tawa in tat tafasa, in zuba mata ruwan rijiya mu wuce. Wagga in tat tafasa sau guda, ka gama da injin."

Na ce na ji. A raina kuwa na ce tsoho ne ke kare tsohuwarsa.

Motar ta yi mini shekara guda ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na zaga asibitocin ƙauyuka da ita, na je Sakkwato ba adadi, ban da juyen baƙin mai babu abin da ta nema. A ofis na zama mai ba da shawara a kan mota, ni da ban san inda ake zuba ruwan birki ba.

Da bazarar shekara ta biyu ƙanwar matata da ke aure a Fakku ta haihu. Matata ta riga ta tafi tun kwana uku da haihuwar. Ni na yi alkawarin ɗaukar mahaifinta, Alhaji, da ƙanensa, da wasu dattawa biyu na unguwarsu ranar suna. Ana gobe za mu tafi na kai motar wajen Baba bakanike ya juye mai. Ya gama, bai rufe murfin ba. Ya kira ni, ya kama hannuna ya ɗora a kan wani baƙin tiyo mai kauri da ke fitowa daga lagireto.

"Matsa nan, Likita. Ka ji ya yi laushi? Diba ƙasanshi, ya fara tsagewa. Ba ni da irinshi yanzu. Na aika a kawo daga Sakkwato, jibi shina nan. Cikin gari ka iya yawo da ita, amma kak ka yi nisa."

"Baba, Fakku za ni gobe. Suna."

"To ka bi kawunka. Ko ka hau babur."

"Da surukina za ni."

Ya dube ni da ido ɗaya a rufe. "Abin da nika gaya maka ke nan. Kak ka kai ta Fakku da tiyon ga."

Na ce to. Ban gaya wa kowa ba. Na kwana ina ba kaina hujja: tiyon da ya yi shekara bai fashe ba, ba gobe zai fashe ba. Gaskiyar magana ita ce na kasa hango kaina ina tsaye a ƙofar gidan Alhaji ina ce masa a je tasha a shiga motar haya. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa yi masa wani abin a zo a gani ba, ga shi dama ta samu.

Muka tashi da hantsi. Alhaji na gaba kusa da ni, da babbar riga mai sitaci, sauran uku a baya. Na kunna esi har ƙarshe. Ƙanen Alhaji ya ce rabonsa da irin wannan sanyi tun da ya je banki a Sakkwato, aka yi dariya, ni ma na yi, kaina na ƙara girma.

Mun wuce Kebbe da kaɗan na ga allurar zafi ta bar tsakiya. Na rage gudu. Ta ci gaba da hawa. Can ta taɓa ja, wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari. Na san ma'anarta sarai. Abin da ya kamata in yi bai wuce in gangara gefe in kashe mota in ce a yi haƙuri ba. Sai na dubi Alhaji ta gefen ido, yana jan carbi, hankalinsa kwance. Na ce a raina saura kaɗan mu isa. Na ɗora hannun dama a saman sitiyari yadda hannun rigata zai rufe wurin, na ƙara sautin rediyo.

Ba mu yi tafiyar minti goma ba aka fara jin wari kamar na tukunyar da ruwa ya ƙone a cikinta. Sai ƙarfin motar ya ragu, ta yi wata ƙara daga ciki, ta mutu. Na gangara da ita gefen hanya. Tururi na fita ta ko'ina.

Babu gida kusa, sai gonaki da aka share ana jiran ruwa, da wata aduwa guda mai 'yar inuwa. Nan dattawan suka tattara rigunansu suka zauna a kan saiwa. Rana ta take. Na buɗe murfin na tsaya ina kallon inji kamar mai shirin yin wani abu. Tiyon ya rabe biyu, daidai inda Baba ya ɗora hannuna.

Mun fi sa'a guda a wurin kafin na jiyo ƙarar da na sani tun ina yaro. Motar Kawu ce, cike da fasinja, da kwandunan albasa a but. Ya tsaya. Fasinjoji suka fito shan iska, suka kewaye motata. Wasu masu babur biyu ma suka tsaya. Kawu ya je ya durƙusa ya gaida Alhaji, sannan ya zo wurina.

"Mi ya faru?"

Na ga idanu sun yi yawa a kaina. Bakina ya riga hankalina.

"Jiya-jiyan nan na kai ta wajen Baba bakanike. Lafiyarta lau na kai ta. Ban san abin da ya taɓa ba."

Wani fasinja ya ce ai tsoffin bakanikan nan ba su san motar zamani ba, da guduma suke gyara. Wani ya ce su ma motocin Faransa na yanzu kwali ne, ƙarfe ya ƙare a kan irin ta Kawu. Na gyaɗa kai ga duka biyun. Har na ƙara da cewa babu wata alama da ta nuna, kawai mutuwa ta yi.

Kawu ya taɓa tiyon, ya dubi yatsunsa. Ya roƙi fasinja huɗu su jira ya dawo, ya sa Alhaji da mutanensa a mazauninsu, ya kai su Fakku. An riga an raɗa suna, goro kawai suka tarar. Da la'asar ya dawo ya ɗaura igiya ya ja ni har Tambuwal. Na zauna a bayan sitiyarin mota matacciya ina kallon bayan tasa tana hayaƙi, duk ƙauyen da muka ratsa sai an bi mu da kallo.

Kafin mako ya zagayo maganar ta cika tasha. Ni na ƙara mata itace. A ofis duk wanda ya tambaye ni sai in maimaita, kuma kowane maimaici labarin na ƙara gyaruwa a bakina, har na fara jin kamar haka aka yi. Wani abokin aikina da ya yi niyyar sayen irin tawa ya fasa. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya fara tsaya mini a wuya shi ne wata safiya a teburin mai shayi, da na ji wani direba na ce wa ɗan'uwansa kada ya kai sabuwar motarsa wajen "mai kashe inji." Kowa a teburin ya gane wanda ake nufi. Na ajiye kofin ban shanye ba.

Baba bai zo gidana ba, bai aiko ba. Na daina bin hanyar bayan tasha.

Da za a kai motar Sakkwato, Kawu ya ce zai raka ni, ya san wani mai gyaran irinsu. Aka ɗora ta a babbar mota, mu muka bi a tasa. Mai gyaran, wani matashi mai na'ura, ya kwance saman injin a gabanmu, ya nuna mana inda ya lanƙwashe.

"Wannan ba aikin bakanike ba ne," ya ce. "An tuƙa ta ba ruwa, kuma an daɗe ana tuƙawa. Motar nan ba ta mutuwa ba ta yi gargaɗi ba. Allura za ta hau, fitila za ta kama. Wa ke tuƙin?"

Na ce ni ne. Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya koma kan aikinsa.

A hanyar dawowa mu biyu ne kawai a motar. Kawu na tuƙi har muka yi fiye da rabin tafiya. Sai ya gangara gindin wata bishiya ya kashe mota.

"Ka ga allurar?"

"Na gani."

"Baba ya hana ka tafiya da ita?"

"Ya hana ni."

"Awo. Na sani. Ran da kunka tafi, da safe yaz zo tasha nemana, ya bar saƙo in na gan ka in tsai da kai. Na riga na fita lodi. Tiyon yana nan wurinshi. An kawo, ya ajiye maka."

Ban iya ɗaga kai ba.

"Na tambaye shi don mi bai faɗi gaskiya a tasha ba. Ya ce kai ɗan yayata na, kuma ma'aikaci, in ya ƙaryata ka gaban direbobi ba ka sake shiga tasha da mutunci." Kawu ya tada mota. "Ni ba ni ce maka komi. Kai ka san abin da kaka yi."

Duk da haka sai da na ƙara mako biyu. Kullum in ce gobe. Na karɓo motar daga Sakkwato, tana tafiya kamar ba abin da ya taɓa samunta, ni kuwa in na zo mararrabar tasha sai in juya ta wata hanya.

Ranar da na je, na sami Baba zaune a kan benci, ba mota ko ɗaya a ƙarƙashin darbejiyar sai wata tsohuwar a-kori-kura da aka cire wa tayu. Da can wurin ba ya rabuwa da mota uku ko huɗu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi mahaifiyata. Na ce na zo neman gafara, na yi masa ƙarya, na ɓata masa suna.

"Na yafe maka, Likita, tun ran nan," ya ce. "Amma ba nan kaf faɗi maganar ba. Nan ba kowa sai ni da kai."

Na gane. Na ce ranar kasuwa zan zo.

Na zo. Tasha ta cika, ana lodi, 'yan kamasho na kiran garuruwa. Na sami shugaban direbobin na ce ina da magana. Ya tafa hannu, mutum kamar ashirin suka matso, Kawu na can gefe jingine da motarsa. Na ce Baba ya nuna mini tiyon, ya hana ni tafiya, na ƙi ji. Na ce allura ta hau ja na gani da idona, na rufe ta da hannun riga. Na ce motar ba ta da laifi, Baba ba shi da laifi.

Wani ya fashe da dariya a wajen hannun rigar, wasu suka taya shi. Wani dattijon direba ya ce, "Haba Likita, kai da anka sani da karatu?" Shugaban ya ce to an ji, Allah ya kiyaye gaba, kowa ya koma kan lodinsa. Duk abin bai kai minti biyar ba. Na tsaya a tsakiyar tasha ban san inda zan sa hannuwana ba.

Saura Alhaji. Na je da yamma bayan la'asar, na zauna a ƙasa bakin tabarmarsa a zaure, na fara kewaye-kewaye. Ya bar ni na gama.

"Ai na ga allurar," ya ce. "Na ga fitilar, na ga sa'ad da kas sa hannu. Na yi shekara goma ina tuƙa motar ɗaukar auduga kafin a haifi matarka. Na yi shiru don kada in kunyata ka gaban mutane. Da kac ce bakanike na, nan ma na yi shiru. Wannan shirun na biyu ni ma ina neman gafarar Allah a kanshi."

Ban taɓa sanin ya yi tuƙi ba. Na fita daga zauren ina jin kamar an tuɓe ni.

Tsoffin abokan cinikin Baba sun ci gaba da zuwa, masu irin motar Kawu. Masu na zamani kuwa kaɗan ne suka dawo. Waɗanda suka ji ƙaryar sun fi waɗanda suka ji gyaran yawa, kuma a lokacin wani sabon gareji ya buɗe a bakin titin Sakkwato. Ba zan ce ni kaɗai na rage masa aiki ba, amma na san rabona a ciki. Ni dai na mayar da motata wurinsa. Duk abin da ba na ƙwaƙwalwa ba shi ke yi, na ƙwaƙwalwa kuma ya ce in kai Sakkwato, bai taɓa ɓoye abin da bai iya ba.

Motar ta yi mini shekara takwas bayan haka. An canza mata abin da ake canzawa, tayu da birki da belt, sau ɗaya fanka. Ba ta sake tsayawa da ni a hanya ba. Da iyali suka ƙaru na sayar wa wani malamin makaranta a Kebbe, har yanzu ina ganinta wani lokaci in na je can aiki.

Baba ya bar gyara da gwiwoyinsa suka hana shi shiga ƙarƙashin mota. Ya koma Sanyinna wajen 'ya'yansa. Bara da kaka aiki ya kai ni garin, na tambayi gidan. Na same shi a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa a faranti. Ya gane ni tun daga nesa, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Muka yi hirar damina, da ciwon gwiwa, na rubuta masa sunan wani man shafawa. Na so in sake ɗauko tsohuwar maganar, na buɗe baki sau biyu, bai ba ni hanya ba. Da zan tashi ya cika mini leda da gyaɗa, ya ce in kai wa mahaifiyata, in ce mata ta gonarsa ce.